Gangara Kyauta, Hawa da Kuɗi

Mun san abin da wasu za su faɗa da zarar sun fara karanta wannan takarda a jikin bango: me ya haɗa Faru da dusar ƙanƙara? Gaskiya ne, ba mu da ita. Ƙanƙarar da muka sani iri biyu ce. Akwai wadda kan zubo tare da ruwan farkon damina, yara su fita da kwano suna tsinta, kafin a kai ta ɗaki ta narke. Akwai kuma ta watan azumi, wadda ake kawowa cikin buhu a sayar mana da tsada gab da shan ruwa. Amma mu 'yan ƙungiyar jarida mun shafe mako uku muna bin labarin wani wasa da ake yi a kan tsaunuka masu ƙanƙara, kuma hanyar da muka bi ta juyo da mu har bakin dam ɗin Bakolori. Ku daure ku karanta, ko da a tsaye ne kafin a kaɗa ƙararrawa.

Turawa na ce wa wasan ski, gidajen rediyonmu kuma kan ce wasan zamiya a kan ƙanƙara. Mutum yakan ɗaura wasu siraran alluna biyu a ƙafafunsa, kowanne ya kusa kai tsawonsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya tsaya a kan tsauni, sannan ya saki jiki. Ita dusar ƙanƙara idan sabuwa ce laushi gare ta kamar garin da aka tankaɗe, idan aka danne ta kuma sai ta yi santsi. A garin Kitzbühel na ƙasar Ostiriya ana yin wata gasa kowane watan Janairu a kan wani gangare mai tsawon kilomita 3.3, kuma gwanaye na gama shi ƙasa da minti biyu, gudunsu kan kai kilomita 140 a awa guda. Direban da ya taka mota haka tsakanin Mafara da Gusau, salati fasinjoji za su yi ta yi har a iso. Shi kuwa ɗan wasan nan ba ƙofa, ba birki, daga shi sai hular kwano.

To amma kada a yi mana kallon baƙi a wannan fage. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san zamiya. Gaɓar gulbi bayan ruwa ya ja, ko tudun laka da damina, ko falalen dutse da ya sha gugar wanduna tun zamanin yayyenmu. Allonmu kwali ne, ko fasasshiyar jarka, ko buhun siminti. Ladanmu kuwa yagaggen wando da faɗan Inna. Kuma ko ba a koya mana a aji ba, dukanmu mun san lissafin wasan: gangara ƙiftawar ido ce, hawa kuwa sai da haki. Yaron da ya fi kowa shan zamiya a wuni shi ne wanda ya fi kowa jure komawa sama. Wannan ɗan lissafi shi ne duk abin da muka tarar a can, sai dai su sun mayar da shi kasuwa.

Asalin abin kayan aiki ne. Shekaru dubbai mafarauta da manoman arewacin Turai da Asiya suna ɗaura katako a ƙafa don kada su nutse cikin ƙanƙara, yadda mu muke ɗaure jaki don zuwa gona. Ƙauyukan tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya, na talakawa ne masu 'yan shanu. Idan hunturu ya rufe hanya sai maza su sauka birane neman na kai, wato irin ci-raninmu ke nan, sai dai nasu sanyi ke korarsu. Ana ba da labarin wani mai masauki a garin St. Moritz, Johannes Badrutt, wanda a shekarar 1864 ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, idan ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka dawo, suka zauna har sanyi ya wuce. A 1922 wani Bature ɗan Ingila, Arnold Lunn, ya kafa sanduna a wani gangare a Mürren ya ce a riƙa ratsawa ta tsakaninsu, a ga wanda zai riga isa ƙasa. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix ta Faransa.

Duk da haka, a yawancin wurare sai mutum ya saɓa allunansa ya hau da ƙafa, ya yi awa biyu ko uku yana haki don gangarar minti goma. Wannan ya sa wasan ya tsaya a hannun masu ƙarfi da masu lokaci. Abin da ya sauya komai ya faru a 1936 a Sun Valley ta jihar Idaho a Amurka. Wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasa mai suna James Curran ya taɓa aiki da ƙugiyoyin da ke jikin igiyar ƙarfe, waɗanda ake loda ayaba da su cikin jirgin ruwa. Sai ya cire ƙugiya ya rataya kujera. Mutum ya zauna kamar a lilo, inji ya ja igiya, ƙafafunsa na reto a sama har ya kai ƙololuwa. (Mun daɗe muna dariyar wannan: attajiran duniya na biyan kuɗi a ɗauke su yadda ake ɗaukar ayaba.) Tun daga ranar, hawa ya zama haja. Gangara dai har gobe ba wanda ya iya sa mata farashi, domin ƙasa ce ke jan mutum, kuma ba ta karɓar ko sisi.

Nawa ne hawan? A Vail ta jihar Kolorado, tikitin wuni ɗaya a ranakun cunkoso ya haura dala 300 a hunturun 2024 zuwa 2025. Idan aka yi canji a kan naira 1,500, ya kama naira 450,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a ƙasar nan a 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin sama da wata shida, bai ci ba bai sha ba, kafin ya zauna a kujerar nan daga safe zuwa la'asar. Kuma kuɗin kujera kaɗai muke magana. Ba a zo kan hayar alluna da takalma ba, da rigar sanyi, da safar hannu, da tabarau, da ɗakin kwana, da abinci wanda shi ma sai an hau da shi tsauni. A Faransa da ɗan sauƙi: a yankin da ake kira Trois Vallées tikitin wuni wajen yuro 80 ne, kuma hanyoyin zamiyarsa idan aka jera su sun kai kilomita 600, sun fi tafiyar Gusau zuwa Abuja.

Akwai wani abu a tsarin farashin Amurka da ya fi tsaya mana a rai. Kamfanin da ke da Vail yana sayar da tikitin hunturu sukutum a kan wajen dala 1,000, da sharaɗin a biya tun watanni kafin ƙanƙara ta sauka. Mai hali ya biya a dunƙule, ya yi kwana talatin yana wasa, kowane wuni ya faɗo masa a kan dala talatin da 'yan kai. Wanda ya yi ta tari don ya je sau ɗaya a rayuwarsa shi ke biyan ɗari uku. Ai mun san wannan. Mai kuɗi ya sayi buhunan gero da kaka, talaka ya yi ta awo tiya-tiya cikin damina lokacin da hatsi ya fi tsada.

Su wa ke juya injin? Matasa ne da ke zuwa aikin wata huɗu ko biyar: masu tsaron kujeru, masu gyaran ɗakuna, masu tuƙa manyan motocin da ke baje ƙanƙara cikin dare don ta kwanta sumul kafin gari ya waye. Kuɗin haya a waɗannan garuruwa ya fi ƙarfinsu, don haka sukan cunkusu a ɗaki guda ko su kwana a wani gari can ƙasa. A ƙarshen Disambar 2024 masu sintirin ceto na Park City a jihar Yuta suka shiga yajin aiki na kusan mako biyu, suna neman a ɗaga ladan sabon ma'aikaci daga dala 21 zuwa 23 a awa. A kunnenmu kuɗi ne mai yawa. Amma ku ninka 23 sau takwas, za ku ga ladan wuninsa bai sayi tikitin wuni guda na tsaunin da yake ɗauko masu karaya a kai ba.

Masu karayar kuwa suna da yawa, domin kan tsauni ba wurin wasa ba ne ko da an sa masa sunan wasa. Malamanmu na Jogirafi sun koya mana cewa duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da wajen digiri shida da rabi. Garin Val Thorens na Faransa yana kan mita 2,300, ya kusa kai Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Namu bai samun ƙanƙara saboda muna kusa da tsakiyar duniya inda rana ke da ƙarfi. A can sanyi kan sauka digiri goma ko ashirin ƙasa da sifiri. Mu da muke gudun wanka idan hunturu ya kai digiri goma sha biyar sama da sifiri, ba mu da bakin magana. Iska ma takan yi ƙaranci, baƙo ya kwana da ciwon kai da tashin zuciya. Hasken rana kan daki farar ƙanƙara ya dawo ya ƙona fuska, ya kashe ido na kwana ɗaya ko biyu idan ba tabarau. Mafi muni ita ce zaftarewa, lokacin da ƙanƙarar da ta taru a gefen tsauni ta ɓalle gaba ɗaya. Tana kashe mutum wajen ɗari a kowace shekara a tsaunukan Alps, kuma a Fabrairun 1999 ta afka wa ƙauyen Galtür na Ostiriya ta kashe mutum 31. Shi ya sa da asuba ma'aikata ke hawa su tayar da nakiya, su ɓalle ta da gangan kafin baƙi su farka. Michael Schumacher, Bajamushen da ya ci kambin tseren motoci na duniya sau bakwai, a kan ƙanƙara ya faɗi ya bugi dutse a Méribel a Disambar 2013, da hular kwanonsa a kai, kuma tun daga nan jama'a ba su sake ganinsa a fili ba.

Ko a Afirka ana yi. A ƙasar Lesoto, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye, akwai Afriski a sama da mita 3,000, kuma hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar noma. A Maroko akwai Oukaïmeden, tafiyar awa biyu daga Marakesh. Wannan wuri ya fi burge mu, domin asalinsa makiyaya ce da ake rufewa har ciyawa ta nuna, sai a watan Agusta a buɗe wa garkuna. Da hunturu kuma mutanen ƙauyukan sukan fito da alfadarai da jakuna su ɗauki baƙi zuwa sama, wasu su ba da hayar tsofaffin alluna, wasu su sayar da shayi. Shekarar da ƙanƙara ta ƙi sauka, kuma farin da ya addabi Maroko shekaru a jere ya sa hakan ya yawaita, baƙo dai hutunsa kawai ya ɓaci. Mai alfadari shi ke rasa cefanen wata uku.

'Yan Afirkan da suka kai gasar Olamfik a wannan wasa ma labarinsu na hawa ne. Lamine Guèye na Senegal, wanda ya fafata a Sarajevo a 1984, jikan babban ɗan siyasa ne da aka kai karatu Suwizalan. Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana, wanda ya je gasar 2010 a Kanada, ya koyi zamiya ne a wani rufaffen ɗakin ƙanƙara a Ingila inda yake aikin karɓar baƙi, aka bar shi yana shiga kyauta. Samuel Ikpefan, wanda ya ɗaga tutar Nijeriya a Beijin a 2022 a tseren nisa na kan ƙanƙara, a Faransa aka haife shi, kusa da tsaunuka. Ba mu rage musu komai ba, sun yi ƙoƙari, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Muna dai lura cewa kowannensu sai da wata ƙofa ta buɗe masa kusa da ƙanƙara. A ganinmu akwai yara a aji ɗaya na wannan makaranta da ba su san tsoron gangare ba ko kaɗan, waɗanda da a gindin Alps aka haife su da an ji sunansu.

Yanzu ga inda hanya ta juyo gida. Duniya na ɗumama, ƙanƙara na ja da baya zuwa sama. Ƙananan wuraren zamiya da dama a Turai sun rufe, an bar turakun ƙarfe suna tsatsa cikin ciyawa. A Bolibiya akwai Chacaltaya, a sama da mita 5,000, inda daskararriyar ƙanƙara mai dubban shekaru ta ƙare ƙurmus a 2009. A Suwizalan har farin mayafi ake lulluɓa wa ƙanƙara da bazara don rana ta rage cinta. Sauran wuraren kuwa sun koma yin ƙanƙarar da kansu. Sukan haƙa tafki a kan tsauni, su tura ruwa sama da famfo, su jera injinan feshi a gefen hanya. Idan dare ya yi sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, sai a fesa ruwan siriri cikin iska, ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. A Italiya wajen kashi 90 cikin ɗari na hanyoyin zamiya sun dogara da wannan. A gasar Beijin ta 2022 kusan duk ƙanƙarar da aka yi wasa a kai ta inji ce.

Mun zauna mun yi lissafin ruwan da allo da alli. Don a rufe hekta ɗaya da ƙanƙara mai kaurin santimita 30, ana bukatar ruwa lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ko fiye. Jarka 48,000 ke nan ta lita 25. Ɗan garuwa mai kura ta jarka goma sha biyu sai ya yi sawu 4,000. Hekta ɗaya fa, shimfiɗa ɗaya, kuma manyan wuraren suna da ɗaruruwan hekta. Kowace lita sai wuta ta ɗaga ta. Ashe yanzu har ƙanƙarar da za a zame a kai sai an biya mata kuɗin hawa, kuma duk yana cikin tikitin nan.

Wanda ya san Bakolori zai ji kamar ya taɓa jin wannan labari. An kammala dam ɗin a 1978 a kan gulbin Sakkwato, kuma wani kamfanin Italiya, Impresit, shi ya gina shi. An tsara ya shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Hekta 8,000 ruwa zai gangara musu da kansa ta magudanai. Sauran 15,000 kuwa sai famfo ya tura ruwa cikin bututu, a fesa wa shuka kamar yayyafi. Mutanen yankin nan sun biya farashin aikin tun kafin su ga amfaninsa: dubbai sun rasa gidaje da gonaki, kuma a Afrilun 1980, da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe wuta aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Bayan duk wannan, ɓangaren feshi bai yi tsawon rai ba. Wuta ta yi ƙaranci, injina suka lalace, kayan gyara sai an nemo daga waje, bututu suka zama kufai. Ɓangaren da ruwa ke bi da ƙafarsa shi ya ci gaba da ba da shinkafa. Ko da aka zo gyara da tallafin Bankin Duniya a 'yan shekarun nan, dabarar da aka bi ita ce a mayar da wani sashe na filin feshi ya koma shan ruwa ta gangara.

Mu a ganinmu injin da ke fesa ƙanƙara a Italiya da bututun da ya mutu a Bakolori ɗan wa da ɗan ƙane ne. Can akwai baƙo mai biyan yuro 80 a wuni, don haka famfonsu bai tsaya ba tukuna. Nan buhun shinkafa ne zai biya, kuma bai iya ba. Iyayenmu da ke noman rani a inda magudana ba ta kai ba suna fama da wannan lissafi kullum da ɗan injin ban ruwa a bakin gulbi ko a kan rijiyar burtsatse. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Gonar da ke ƙasan ruwa da wadda ke samansa da taku goma, ƙasa ɗaya ce, iri ɗaya, taki ɗaya, amma ribarsu ba ɗaya ba. Mun san gidajen da aka rage faɗin albasa da tumatir saboda haka, mun san waɗanda suka juya injinsu ya koma shan gas, da 'yan kaɗan da suka iya haɗa kuɗin faranti mai aiki da hasken rana. Shi ma farantin irin tikitin dala 1,000 ne, sai mai iya biya a dunƙule ke cin arharsa.

Zamiyarmu ta kwali ita ce kaɗai ba ta taɓa neman fetur ba, amma ita ma ta ragu. Duwatsu da bakin dajin da yayyenmu suka yi wasa a kai, yanzu iyaye ba sa barin yaro ya doshe su, kuma kowa a nan ya san dalili. Ƙannenmu sun koma zamewa a kan tulin yashin masu gini a cikin gari, har mai yashi ya fito da tsumagiya.

Muna roƙon 'yan aji biyar na ɓangaren kimiyya, tare da izinin Malam, su taimaka mana da wani lissafi da ya fi ƙarfin allonmu. Ku tambayi iyayenku lita nawa ta fetur injinsu ke sha a ban ruwa guda, sau nawa ake ban ruwan daga dashe zuwa girbi, kuma buhu nawa gonar ke bayarwa. Ku rubuta a takarda, ba sai kun sa sunan kowa ba, ku miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis. Abin da muka tara za mu liƙa shi a nan, kusa da farashin tikitin Vail.